GINSHIƘIN WENING

Shafi na 14

"Maimaita, ban ji ba."

"Ka ji. Kai ka huda shi."

Mas Kus, mijin yayata, ya ajiye 'yar robar da yake fesa wa tsuntsunsa ruwa. Bai juyo ba tukuna. Sai da ya gyara kejin a jikin ƙusa, ya yi wa tsuntsun fito, sannan ya kalle ni sama da ƙasa.

"Galih, da sassafen nan? Ko kofi ba ka sha ba."

"Ba kofi ya fito da ni ba."

"To me na huda?"

"Ginshiƙin Wening."

Dariyar da ya fara ta tsaya a rabi.

Wanda ya shigo labarin nan yau, ga shi a gurguje, ba zan sake faɗa ba. Ginshiƙan gora huɗu ne ke riƙe da rufin kicin ɗinmu. A gidanmu ba a saya wa yaro asusu. Ranar da ya shiga aji ɗaya, Mak, mahaifiyarmu, za ta ɗauki wuƙa ta tsaga 'yar kafa a gaɓa ɗaya ta ginshiƙi, ta ce ga naka. Kullum da safe kafin ya fita sai ya raba kuɗin tararsa biyu, ya jefa rabi a ciki, Mak na tsaye tana sauraron ƙarar. Ba a buɗewa sai ya gama firamare. Ranar a tokare rufin, a cire ginshiƙin, a fasa shi gaban kowa, a kafa sabo.

Wening 'yar yayata ce. Shekara shida tana jefawa. Yau take karɓo sakamako, yau za a fasa. Keke take so. Makarantar da za ta shiga tana cikin gari, kilomita bakwai, kuma mota ba ta biyowa ta ƙauyenmu.

Ni aka sa na saro sabuwar gora. Da safen nan na janye randar da ke bayan ginshiƙin don na kafa tokara, sai na ga abin. Rami kamar bakin kwalba, an toshe shi da guntun icen rogo, an shafe da kunkunniya.

Na san wannan toshin. Na taɓa ganin irinsa.

"Ni?" in ji Mas Kus. "Ni da ko ƙusa ban iya bugawa a miƙe ba? Kalli kejin nan, a karkace yake tun bara."

"Tsuntsun nawa ka saye shi?"

"Ɗan akuyata na bayar. Duk ƙauyen nan sun sani. Yayarka wata guda ba ta ce min ci kanka ba."

"Gyaren da yake ci kullum fa?"

"A gona nake kamowa. Ka taɓa bi na ka gani? Kana barci."

"Kuɗin shiga gasar kukan tsuntsaye fa?"

"Kai yaro, tsaya."

Ya matso. Fuskarsa ta sauya. Ban taɓa ganinta haka ba.

"Ka kira ni mashiririci, na amsa. Ka ce na fi kula da tsuntsu a kan gona, wani lokacin haka ne. Amma kuɗin 'yata? 'Yar da nake gani tana wuce mai askirim ta kau da kai? Kana cin shinkafar gidan nan kana kallon idona kana faɗa min wannan?"

"Gidan ubana ne."

"To ɗan masu gida, muje ka nuna min."

Muka shiga kicin.

Mbak Harni, yayata, tana gaban murhu tana suyar tempe, wainar waken suya. Mak na zaune a guntun benci tana tsinke ganyen rogo. Babu wadda ta ɗago.

Na durƙusa bayan ginshiƙin, na sa bakin wuƙa na ɓanɓare toshin. Na zura yatsa. Abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙara.

Mas Kus ya ɗauka. Ya juya shi.

Marfin kwalbar lemo ne. An daka shi ya baje kamar sule.

Na sake zura yatsa. Wani ya faɗo. Da wani.

"Inna lillahi," in ji Mas Kus. "Harni, zo ki gani. An shigo mana gida."

Ba ta juyo ba.

"Harni."

"Ina jin ka."

"Tempen na ƙonewa," in ji Mak a hankali.

Hayaƙi ya fara tashi daga kaskon. Mbak Harni na riƙe da cokali, tana kallon bango. Shekara nawa ina cin girkinta, ban taɓa ganin ta ƙona ko albasa ba.

Sai na gane.

"Mbak."

Ta sauke kaskon. Ta goge hannu a zani. Ta juyo.

"Ka ƙyale shi. Bai san komai ba. Yaushe ya taɓa sanin abin da ke faruwa a gidan nan?"

"Ke?" in ji Mas Kus.

"Ni."

"Ke da kike tsayawa kanta kullum, kina cewa jefa, jefa, yarinyar kirki ba ta cinye kuɗinta duka?"

"Ni ɗin."

"Kika yi me da shi? Ban ga sabon zani ba. Ban ga ɗankunne ba."

Ta yi wata dariya marar daɗi.

"Kana so ka san inda yake? Shafa cikinka. Kai ma Galih shafa naka."

Ta ci gaba.

"Watan Babbar Sallar bara, kwali nawa aka kawo gidan nan?"

Kowa ya san kwalin. Idan gida zai yi biki ba kati suke aikowa ba. Kwalin shinkafa suke aikowa, da cinyar kaza, da dafaffen ƙwai, da taliya. Ka karɓa, ka ci, shi ke nan an ɗaure ka. Ranar biki sai matar gidanka ta je da kwandon shinkafa da sukari da ambulan na kuɗi, a rubuta sunanta a bakin ƙofa gaban mata.

"Sha ɗaya," ta ce. "Kwali sha ɗaya a wata ɗaya. Na gidan mai unguwa, wa ya cinye cinyar a tsaye ko zama bai yi ba?"

Mas Kus ya sosa ƙeya.

"Na gidan masu niƙa fa? Wa ya ce kai, waɗannan sun iya yaji?"

Ni ne. Na tuna.

"Kuna buɗe kwali kuna murna kamar daga sama ya faɗo. Akwai wanda ya taɓa tambayata, Harni, ambulan ɗin fa? Rupiya dubu hamsin-hamsin. Barkono ya lalace a gona. Kai kana wa tsuntsu wanka. Wannan kuma in ya wanke babura an biya shi, kafin magariba ya busar da kuɗin a sigari. Ni zan je na tsaya gaban mata hannu biyu? Gobe in Wening ta tashi aure, wa zai taka ƙofarmu?"

"Sai ki faɗa min," in ji Mas Kus.

"Na faɗa. Ka ce Allah zai kawo."

"Nawa ya rage a ciki?" na tambaya.

"Da farko ina ƙirgawa. Da niyyar mayarwa nake ɗauka, wallahi. Bayan girbi, nake cewa. Girbi ya zo, wasu kwalayen suka zo."

"Nawa ya rage?"

"Na daina ƙirgawa."

Ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

Mak ta ture kwandon ganyen gefe.

"Kun gama? To ku rufe min ƙofar nan, maƙwabta na da kunne. Galih, mayar da toshin. Ka shafa kunkunniya yadda ka same shi."

"Sai kuma me?"

"In yarinya ta dawo a ce ranar ba ta yi kyau ba, na duba lissafin kwanaki. A ɗaga zuwa bayan girbi. Kafin nan a lallaɓa a cika mata."

"Makaranta sati biyu ya rage."

"Ubanta ya riƙa kai ta."

"Da wane babur, Mak? Wanda ke jingine babu taya?"

"To a ce ɓarawo ne. An yi sata a gidan masu niƙa watan jiya, za ta yarda."

"A'a."

"Me ka ce?"

"Yau aka ce mata. Yau za a fasa. Kuma Mbak za ta faɗa mata da bakinta."

"Kai kaɗai ke da baki a gidan nan? Yarinya ce. Ba komai yaro ke buƙatar sani ba. Kana so ta tashi tana kallon uwarta a matsayin ɓarauniya?"

"Ni ina shekara sha biyu kika faɗa min gaskiya. Ban mutu ba."

Na faɗa ne kawai. Ban yi tsammanin komai ba.

Amma Mbak Harni ta ɗago ta kalli Mak. Kallo ɗaya. Sannan ta mayar da kai ƙasa da sauri.

Na gani.

Kun san labarin nawa ginshiƙin, na faɗa a shafukan baya. Ga waɗanda ba su sani ba: shekara tara ke nan. Mahaifinmu ya rasu ina aji shida. Wata biyu bayan haka aka fasa nawa gaban mutane. Marafan kwalba suka zubo. Mak ta ja ni gefe ta ce ubanka ne, ya yi caca da shi wajen faɗan zakaru, ka yafe masa.

Ban yafe ba. Tun ranar ban taka maƙabarta ba, ko da Sallah in kowa zai je share kabari. Tun ranar kuma da wuya kuɗi ya kwana a aljihuna. Abin da na ci shi ne nawa. Haka na koya.

Shi ya sa da na ga toshin nan na tafi kai tsaye wajen Mas Kus. A kaina aikin uba ne.

Na ɗauki guntun icen rogon daga ƙasa. Na juya shi a hannu.

"Mbak, wa ya koya miki?"

"Me?"

"Icen rogo. Kunkunniya. Marfin kwalba a daka shi. Ke kika zauna kika ƙirƙiro?"

"Galih, bar maganar nan."

"Baba ne ya nuna miki kafin ya mutu?"

Ta kau da kai. Na ƙara matsowa.

"Ya kira ki ya ce zo ki ga yadda ake yi wa yaro sata?"

"Na ce ka bari!"

"Ƙyale shi," in ji Mak.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa ginshiƙin. Ta je wajen kwandon da take ajiye kayan ɗinki, ta zaro wata tsohuwar basilla mai ƙotar itace, ta ajiye a kan benci.

"Da wannan na fara huda naka. Da ita Harni ta huda wannan. Ubanka bai taɓa ko kusantar wurin ba. A lokacin Harni ta tsare min ƙofa, shi ke nan laifinta."



"Me kika yi da kuɗin?"

"Sadakar bakwai. Da ta arba'in. Mutum tamanin suka zauna a kan tabarma suna yi wa ubanka addu'a. Me zan ba su? Ruwa?"

"Caca fa?"

"Ya taɓa yi yana saurayi. Kafin a haife ka ya bari."

"To me ya sa kika ce shi ne?"

Ta kalle ni. Idonta a bushe.

"Shi ba zai sake haɗa ido da kai ba. Ni kullum sai na zuba maka abinci."

Mas Kus ya ce wani abu, ban ji ba. Tsuntsun a waje ya ɓarke da waƙa kamar an biya shi.

Shekara tara.

Na so na fasa wani abu. Randa, kasko, kaina. Na so na fita na bi hanya har inda ƙafa ta ƙare. Na tsaya ina kallon basillar.

Sai na tuna ƙarfe sha ɗaya Wening ke dawowa.

Na fita, na ɗauko tokara biyu. Na kafa su ƙarƙashin rufin, na buga da dutse har suka kama.

"Galih," in ji Mak. "Ina yi maka magana."

"Na ji ki, Mak. Duk na ji."

"Za ka tona wa 'yar'uwarka asiri."

"Kin rufa wa kanki asiri. Kalle ni. Ga abin da ya fito."

Na juya wajen Mas Kus.

"Mas, riƙe min nan."

Ya zo ya riƙe.

"Na zarge ka. Ban kyauta ba."

"Bar shi. Cinyar nan dai ni na ci. Buga."

Muka kwance igiyar sama, muka tone gindin. Ginshiƙin ya fito. Rufin ya ɗan yi ƙara, ya tsaya. Muka fitar da shi tsakar gida muka kwantar a kan tabarma. Da nauyi. Ko ni da ban sani ba sai na ce arziki ne a ciki.

Mbak Harni ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya."

"In ta tsane ni fa?"

"Gara ta tsane ki yau tana ganin ki. Kina raye, za ki gyara. Ni wanda na tsana ba shi da bakin kare kansa."

Ta rufe fuska da gefen zani.

Muka zauna jira. Tempen ya huce a kasko, ƙudaje suka same shi.

Sha ɗaya da 'yan mintuna muka ji sallama.

Wening ta shigo da farar riga da jan siket, jaka a baya, takarda a hannu. Siririya ce, ba ta da yawan magana. Mutane na cewa ni ta biyo. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hannunmu tana kai wa goshinta. Mak, ubanta, uwarta, ni.

"Na nawa?" in ji Mas Kus.

"Na uku."

"Na uku! Kin ji, Harni? Kaina ta ɗauko."

"Da kanka ta ɗauko da tana fito a aji," in ji Mak. Ba wanda ya yi dariya.

Wening ta kalli ginshiƙin a kan tabarma. Ta kalli fuskokinmu. Ba ta yi tsalle ba. Ba ta tambayi komai ba. Ta zauna a gefen tabarmar, jakar na bayanta, ba ta sauke ba.

"Lik, fasa."

Haka take kirana, ƙanin uwa.

"Tsaya. Uwarki na da magana."

Mbak Harni ta zo ta durƙusa gabanta. Ta kalle ni. Ban kau da kai ba.

"Wening. Abin da ke ciki... ba duka ne kuɗi ba. Na ɗiba. Ni, ba ɓarawo ba, ba ubanki ba. Na kai gudummawar biki. Na ce zan mayar, ban mayar ba. Na zuba marafan kwalba don kar ki ji ya yi sauƙi in kin ƙwanƙwasa. Ki yafe min."

Wening ta gyaɗa kai sau ɗaya.

"Lik, fasa."

Na ɗora adda a kan gaɓar, na buga da guduma. Gorar ta tsage biyu.

Abin ya zube a kan tabarma.

Marafan kwalba, tuli. Sulalla 'yan kaɗan, sun yi baƙi. A samansu kuma wasu jajayen abubuwa masu zagaye, da yawa, sun fi ɗari.

Mas Kus ya ɗauki ɗaya.

"Wannan ai tsingaron rufi ne. An goge gefensa."

"Ba ni na saka waɗannan ba," in ji Mbak Harni. "Wallahi marafai kawai na saka. Mak?"

"Kar ki kalle ni."

"Ni ce," in ji Wening.

Duk muka juya.

"A bakin rafi nake goge su a kan dutse. In na jefa suna ƙara kamar kuɗi. Kaka tana ji ta ce yawwa."

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Wata bakwai."

"Me ya sa?"

Ta sa hannu a aljihun riga ta fito da sule ɗaya na dubu. Ta miƙo min. Akwai ɗigon jan farce a tsakiyarsa.

"Ƙawata ce ta ɗiga min, wasa muke. Na jefa shi a ginshiƙi ranar Litinin. Ranar Alhamis Bu ta ba ni shi kuɗin tara."

Mbak Harni, wadda Wening ke kira Bu, ta dafe baki.

"Na ce ko irinsa ne. Na sake jefawa. Ya sake dawowa. Sau uku."

"Me ya hana ki faɗa?" in ji ubanta.

"Wa zan faɗa wa?"

Ya buɗe baki. Ta riga shi.

"Da na faɗa, Bu za ta yi kuka. Kai za ka ce Allah zai kawo. Kaka za ta ce yaro ba ya tambayar manya." Ta kalle ni. "Lik kuma zai ce dama ajiya wauta ce. Kullum haka yake cewa."

Na faɗa. Sau da yawa. Ina zaune a bakin ƙofa da sigari, ita tana wucewa da jaka. Ban san tana ajiye maganar ba.

"To kuɗin tarar fa?" in ji Mak. "Cinyewa kike duka? Duk abin da na koya miki ya tafi a banza?"

"A'a. Ina rabawa biyu, yadda kika ce."

Sai a lokacin ta sauke jakar. Ta zuge. Ta fito da gwangwanin madara, babba, an ɗaure bakinsa da leda da roba. Jar ƙasa duk ta manne a jikinsa.

Ta ɗora shi a cinya ta rungume da hannu biyu.

"Dubu ɗari da tamanin da biyu. Bai kai keke ba. Na tambaya, tsoho ma dubu ɗari shida ne."

"A ina kika ɓoye wannan?" in ji Mbak Harni. "Na share ɗakin nan kullum, ban taɓa gani ba."

"Ba a gida ba."

"A ina?"

"Inda babu mai zuwa. Gindin bishiyar da ke kan kabarin Kaka namiji. Hanyar makaranta ce. Ciyawa ta rufe wurin, ko kusa ba a gani."

Na sunkuyar da kai.

Ciyawa ta rufe wurin. Aikin ɗa namiji ne share shi.

Mas Kus ya miƙe. Ya je ya sauke kejin daga ƙusa, ya lulluɓe shi da zane kamar yadda yake yi in zai je gasa. Tsuntsun ya yi shiru.

"Jibi kasuwa. Akwai wanda ya taya shi tun azumi."

"Mas," in ji Mbak Harni.

"Ba don ke ba. Ke muna da magana, doguwa. Amma ranar da za a buɗe makaranta yarinyar nan a kan keke za ta tafi, ko da ni zan zama keken."

Ni kuma na jawo sabuwar gorar da na saro jiya. Kore shar, ruwa bai gama bushewa a jikinta ba. Na ɗauki wuƙar Mak na tsaga kafa a gaɓa ta uku. Na laluba aljihu. Dubu huɗu ne, ragowar wankin jiya, kuɗin sigarin yau. Na naɗe na tura.

Takarda ba ta ƙara. Duk da haka kowa ya ji.

"Wannan nawa ne," na ce. "Kuma bayansa ba zai kalli bango ba. A tsakiya za a kafa shi, kowa ya gan shi ta ko'ina. Wanda ke buƙata ya buɗe baki ya tambaya a kan tabarmar nan, gaban kowa, har yaro. A ce e ko a ce a'a. Basillar nan kuma rafi za ta tafi."

"Ka zama maigida ke nan," in ji Mak.

"Ban zama komai ba. Na gaji ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kalli tulin marafan da tsingaron a kan tabarma. Na uwa a ƙasa, na 'ya a sama. Ta sa ƙafa ta ɗan ture su.

A daidai lokacin babur ya tsaya a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Masu gida! Saƙo daga gidan mai taki, auren 'yarsu ranar Lahadi!"

Ƙamshin soyayyar kaza ya riga shi shigowa.

Mbak Harni ta yunƙura za ta tashi, jiki ya saba. Ta tsaya a rabi, gwiwa ɗaya a ƙasa. Ta kalli ƙofa. Ta kalli gwangwanin da ke cinyar 'yarta. Ba da niyya ba, na sani. Ido ne kawai ya je.

Wening ta gani. Ta ƙara matse shi a ƙirji.

"Salamu alaikum! Ko ba kowa ne? Kwalin da zafi fa!"

Babu wanda ya amsa.

Wening ta kalli uwarta. Ta kalli ubanta da kejinsa a hannu. Ta kalli Mak. Ta ƙare a kaina.

"Lik, na gaji da kai shi maƙabarta. Tsoro nake ji kullum."

Ta ɗago gwangwanin kaɗan, ba ta miƙa wa kowa ba.

"A gidan nan wa zan ba ya riƙe min?"